Kuɗin Uwargida a Wayar Maigida

A wani ƙauye na gabashin Birnin Gwari, can wajen hanyar da ta ratsa Dogon Dawa ta nufi Funtua, an yi wani magidanci mai mata biyu. Manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi. Da damina ya noma masara da waken suya, da kaka ya sayi na maƙwabta ya jibge a sito, in farashi ya ɗaga ya loda mota. Ba azzalumi ba ne. Gara a faɗi wannan tun farko, don kada mai karatu ya ɗauka labarin mugu za a ba shi, ya ce ai ni ba haka nake ba. Mutum ne mai sallah a jam'i, gidansa ba ya kwana da yunwa, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa mace hannu ba.

Uwargidansa mai man gyaɗa ce. Tun tana da goyon fari take sayen gyaɗa tiya-tiya, ta soya, ta aika inji, ta zauna matsa har kafaɗunta su yi tsami, ta toya ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Daga kwalba ta koma galan, daga galan ta koma jarka. Tana zubin adashe biyu, tana da awaki a bayan ɗaki, sauran kuɗin kuma suna ƙulle a tsumma cikin kwalla ta ƙasa, wadda ba a buɗewa sai da dalili. Maigidan bai taɓa tambayar nawa ne ba. Ko man miyar gida in ya ɗauka a wurinta biya yake yi, domin cefane nasa ne, mai kuwa nata ne. Haka ya tarar mahaifinsa yana yi da mahaifiyarsa, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin soyayya.

A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce daga 31 ga Janairu 2023 tsofaffin sun daina aiki, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Duk wanda ya rayu a karkara a makonnin nan ya san irin firgicin da aka shiga. Ƙauyen babu banki. Mai son banki sai ya kama hanyar Funtua ko ta Kaduna, hanyoyin da a lokacin mutum ba ya hawa sai ya yi sallama da iyalinsa. Uwargida ba ta da asusu, ba ta da BVN, wayar hannunta ma ta kira ce kawai.

Wani dare ya shigo ɗakinta ya zauna bakin gado.

"Kin ji abin da ake ciki. Abin da kika ɓoye in ya wuce wa'adi ya zama takardar ƙunshin ƙosai. Ki kawo in zuba a nawa. Ai duk ɗaya ne, nawa naki ne."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ka manta shekaran bara?"

Bai manta ba. A ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, aka hana hawan babur, kasuwannin mako kuwa dama an riga an hana cin su. Kusan wata biyu babu layin waya. Masu kuɗi a waya suka koma kamar marasa ko sisi, na'urar mai POS ta mutu, kuma a watannin nan kwallar uwargida ce ta riƙe gidan. Ya ce ya tuna, amma wannan daban ne, yanzu kwallar ce za ta mutu. Gaskiya ya faɗa gwargwadon abin da kowa ya sani a daren. Ta sauko da kwallar, suka ƙirga tare a hasken tocila: naira 420,000. Ya sa a aljihun 'yar ciki. Babu wanda ya rubuta, babu wanda aka kira ya gani. Wace mace ce za ta ce wa mijin shekara ashirin ya ba ta rasit?

Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar, ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Kuɗi suka fara dawowa hannun mutane. Uwargida ta jira mako biyu, sannan ta yi maganar jarinta. Ya ce yana nan, nawa take so? Ta faɗi kuɗin buhun gyaɗa, ya je wurin mai POS ya ciro mata. Da gyaɗar ta ƙare ta sake tambaya, ya sake cirowa, amma wannan karon ya ce, "Ba kwanan nan na ba ki ba?"

A nan abin ya fara lalacewa, kuma shi bai lura ba. Matar da shekara da shekaru ba ta neman izinin kowa kafin ta buɗe kwallarta, yanzu sai ta duba fuskar miji, ta zaɓi ranar da ya dawo da fara'a, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta roƙi abin da yake nata. Bikin 'yar ƙanwarta ya zo, ta kasa yin gudummawar da ta saba. Zubin adashe ɗaya ta bari. Ba hana ta yake yi ba, sai dai kowace naira sai ta bi ta bakinsa, kuma duk abin da ya ciro, a zuciyarsa kyauta ya yi. Da damina ta kawo kai ya ga taki ya yi tsada, ya sayi buhuna da abin da ke cikin asusun, nasa da nata, bai ware ba. Da ta yi magana ya ce, "Ki bari a yi kaka. Da riba ma zan mayar miki." Kuma har ga Allah nufinsa ke nan.

Bai kai kakar ba. Wata ranar kasuwa ya sayar da ragowar masarar bara, dillali ya tura masa kuɗin ta waya, ya hau mota ya nufo gida. A wata kwana da daji ya matso bakin titi, 'yan bindiga suka tare su. Tun a nan aka karɓe wayoyin fasinjoji aka zubar da layukan, aka kora mutane cikin daji. Dajin nan ba ƙarami ba ne, ya haɗe da Kamuku da Kuyambana har cikin Zamfara da Neja, wanda aka shiga da shi sai dai addu'a.

Kwana uku aka kira ƙanensa da wata baƙuwar lamba. Tsaba suke so. Kowa a gidan ya san akwai kuɗi a asusun, amma layin ya tafi, katin ya tafi, lambar sirri tana kan mutum ɗaya, shi kuwa ba zai iya cewa yana da ajiya a banki a gaban masu bindiga ba, don sai su ninka abin da suka yanka. Ƙanen ya je banki, aka ba shi amsar da doka ta ce a ba shi: mai asusu ne kaɗai ke taɓa asusunsa. Aka sayar da babur, aka jinginar da gona. Uwargida ta kora awakinta kasuwa, ta kwance gadonta da kwanukanta. Da kwallar nan tana yadda take, da a daren farko ta zube kusan rabin miliyan a gaban ƙanen mijinta. Tana faɗin haka tana kuka, ba don kuɗin ba.

Ana cikin haɗa kuɗin zazzaɓi ya kama shi a daji, ga ruwan sama, ga yunwa. Allah ya yi masa rasuwa a can, abokan zamansa suka rufe shi.

Bayan makonni aka sako ɗaya daga cikinsu, wani dattijo daga wani gari. Da ya ɗan murmure ya zo ta'aziyya, ya ce yana ɗauke da saƙo. Marigayin, a kwanakinsa na ƙarshe, ya riƙe hannunsa ya ce don Allah in ya fita ya gaya wa iyalinsa akwai kuɗin uwargida a cikin asusunsa, a fitar mata kafin a raba. Aka tambaye shi nawa. Dattijon ya ce shi ma ya yi wannan tambayar, marigayin ya yi ta lissafi da yatsu, ya ce ya ciro mata wasu, ya sayi taki da wasu, ya kasa tsayar da adadi. Da wannan damuwar ya cika.

Matan suka gama takaba, wata huɗu da kwana goma, asusun yana rufe. Ƙanen ne marigayin ya rubuta a takardar banki a matsayin makusanci, kuma kamar mutane da yawa ya ɗauka wannan ya isa a ba shi kuɗin. Bai isa ba. Sai da aka nemo shaidar rasuwa da takardar kotu, aka yi ta zirga-zirga, kafin kuɗin su fito: naira 1,600,000.

Malamin da aka kira rabon gado masani ne, mai tsoron Allah. Ya fara da abin da ake farawa da shi, bashi da amanar mutane, sannan wasiyya, sannan magada. Uwargida daga bayan labule ta ce, "Allah gafarta Malam, akwai jarina a ciki." Ta faɗi abin da suka ƙirga, ta faɗi abin da take tunawa an ciro mata. Malam ya ce bai ƙaryata ta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, a sha'anin dukiya, shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa suna iya tabbatar da haƙƙi. Amma shaidan nan ya zo da magana ba adadi, adadin kuwa a bakinta kaɗai yake. Ga shi 'ya'yan amarya maza uku duk ƙanana ne, marayu, kuma ba shi da ikon yanka rabon maraya bisa kintace.

"Baiwar Allah," ya ce, "ke ce mai sana'ar mai. In an juye naki da na wani a jarka ɗaya, aka yi ta ɗiba ana ƙarawa, wa zai nuna inda naki ya tsaya?"

Aka yi lissafi. Tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira 200,000, matan biyu su raba. Saura 1,400,000 na 'ya'ya: maza uku kowanne 350,000, 'ya'yan uwargida mata biyu kowacce 175,000. Wadda ta zuba 420,000 ta tashi da 100,000.

Amarya ce ta yi abin da ya sa wurin ya yi tsit. Ta ce, "Ni na san Yaya ta ba shi. A daren ina jin su suna ƙirga, sai dai ban san nawa ba ne. Rabona na bar mata." Nata take da ikon yafewa, kuma ta yafe. Na yaranta ba ta da iko, Malam ma ba shi da shi. Haka gumin uwargida ya shiga rabon marayun da ba su san komai ba, mahaifinsu kuma yana kwance a daji da nauyin da ya so saukewa bai samu dama ba.

Ina jin samari masu sabon aure suna cewa haɗa asusu shi ne wayewa, macen da ta ƙi kuwa ba ta yarda da mijinta ba. A Ingila ko Amurka in ma'aurata sun haɗa asusu, sunan kowa yana kai, kowa yana da katinsa, kowa yana ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Bankunan Najeriya ma suna buɗe irin wannan ga wanda ya nema. Abin da ya faru a ɗakin uwargida ba shi ba ne: suna ɗaya, waya ɗaya, lambar sirri ɗaya. Ko na gaskiyar ma, a gidan mata biyu ko uku, da wacce za a haɗa, kuma in rai ya yi halinsa yaya za a gane na mamaci da na mai rai?

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Sadaki na mace ne, aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta hana a ci ko kaɗan daga cikinsa sai da daɗin ranta. Ciyarwa da tufatarwa a wuyan miji suke ko da matar ta fi shi arziki. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko za ta iya ba mijinta sadaka, aka ce mata tana da lada biyu. Da dukiyarta tasa ce, da tambayar ba ta taso ba. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba ta kuma ce ban da tsakanin miji da mata ba. Kunyar rubutawa ce ta cuci gidan nan, ba mugunta ba.

A ƙarshen Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Kaduna ta Uba Sani ta yi da 'yan bindiga, an sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari da ta shafe shekaru a rufe. Motocin hatsi sun dawo hanya, manoma sun koma gonakin da suka bari, mata sun hura wutar tuya. Kuɗi sun fara shiga wayoyin magidanta, kuma a cikinsu akwai na ƙuli-ƙuli da na daddawa da na kwasar adashe, waɗanda aka karɓa da sunan ajiya. Wanda ya san akwai irin wannan a wayarsa, ya zauna da mai shi a daren yau su tsayar da adadi, a rubuta, mutum biyu su sa hannu. Ranar kasuwa mai zuwa kuma ya raka ta a buɗe mata nata, da sunanta da lambar sirrinta.