Saje, Ashe Sunanka Ɗan Albashi

Saje Tumbi, Bazazzagina na kaina, ture kwanon tuwon nan gefe kafin ka karanta, kada ka ƙware a ce Bakano ya yi kisa. Shekara nawa kana cika mana kunne a majalisa wai kishin ƙasa ne ya kai ka Daffo? To, na tono asalin sunanka, ban tsinci kishi ko na kwabo a ciki ba.

Wannan "soja" da kake buga ƙirji da ita, soldier ce ta Bature, bakinmu ya tauna ta ya furzar, kamar yadda ya yi wa kofur da samanja da kurtu. Shi ma Baturen Ingila aro ya yi daga Faransawa wajen shekara ta 1300, su kuma suka gada daga harshen Rumawa. Can tushe kuwa sunan kuɗi ne: solidus, tsabar zinariya da Sarki Kwanstantin ya buga a farkon ƙarni na 4, kowace giram 4.5. Wanda aka damƙa wa ita ya saɓi mashi, shi ne soja. Wato ɗan albashi. Yanzu na gane dalilin da tun ranar 20 ga wata kake zaman gadin wayarka, kana hana jikoki taɓa ta, ko alat zai faɗo. Ba laifinka ba ne, Saje, suna ne ya bi ka.

Kai da ka ci zamanin fam da sule, ka tuna ɗan harafin s da malamin kanti ke rubutawa a gefen sule kafin naira ta zo a 1973? Solidus ɗin nan ce dai. Ashe da kai da sulalla kakanku ɗaya, shi ya sa ba ka iya rabuwa da su ko da sallah.

Sauran guda, ka yi zaune da kyau. Ka ce mana kai infantry ne, kana faɗa kana murza gashin baki kamar sarauta aka naɗa maka. Kalmar daga Italiyanci take, infante, ma'anarta yaro. Yaran da ba su isa hawa doki ba, suna bin barade a ƙasa suna shan ƙura. A Kano zagi muke ce musu. Zagi, Zage-zagi, kai ma ka ji yadda abin ya zauna daram, ba ni na ƙaga ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, ranar da aka kwashe ku zuwa Laberiya a 1990 ni ina gindin rediyo cikina na kaɗawa, kuma da ka dawo da ƙafafunka biyu har rago na yanka. Kai ka cinye rabinsa.

In fansho ya shigo, yaro, a turo min kuɗin sharata na bara da na bana. Ban ce sai zinariya ba, naira ma ta isa.