Gani Ya Kori Ji: Masu Sayen Amfilifaya a Abuja

Mai son nazarin halin ɗan Adam a Abuja ba sai ya wahalar da kansa zuwa Majalisa ba. Ya nemi benci a bakin shagon kayan sauti, ko a Banex da ke Wuse 2 ko a cikin kasuwar Wuse, ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan albashi. Hajar da ake ciniki baƙin akwati ne mai nauyi, amfilifaya, wanda ke karɓar hoto da sauti daga dikoda, ya miƙa wa talabijin hoton, ya raba sautin ga lasifikoki: uku a gaba, biyu a baya, sai wufa mai rugugi a ƙasa. Shi ne 5.1 ɗin da ake rubutawa a kwali. A ƙa'ida abu biyu ne ke zaɓar wa mutum akwatinsa, faɗin ɗaki da nauyin aljihu. Aljihu dai dole a tuna da shi. Ɗaki kuwa, sai ka wuni a bencin nan ba ka ji wanda ya ambaci nasa ba.

Mai sammako shi ne Sarkin Watt. Daga Mararaba ya taso, ya sha cunkoson Nyanya, kuma ɗakinsa guda ne, in aka shimfiɗa katifa ƙofa ba ta gama buɗuwa. Tambayarsa ɗaya: "Maigida, wanne ya fi watt?" Mai shago ya nuna masa na Yamaha ko Denon, masu ba kowace lasifika watt 70 zuwa 100 a ma'aunin RMS, wanda shi ne lissafin da ake iya riƙewa. Sai ya yatsine fuska. "Tamanin kacal? Ai ko ƙwan fitilar da ya fi wannan." Idonsa na can kan wani kwali mai ja da rawaya da aka rangaɗa wa 5000W, a ƙasa kuma da ƙananan haruffa an sa PMPO, lissafin da kowane kamfani ke rubuta abin da ya ga dama. Soket ɗin bango mai amp 13 kansa, iyakarsa watt 3000 ko kusa da haka. Amma wannan dodo mai dubu biyar zai je gida ya zauna lafiya a kan ƙaramin janareton nan na na-fi-maƙwabcina, tare da talabijin da fanka da cajin waya uku, kuma Sarki ba zai taɓa tambayar inda sauran watt ɗin ke fitowa ba. Kada ka ce za ka gaya masa cewa ninka watt sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi a kunne, sai an ninka kusan sau goma kafin a ji ƙara ta ninka. Zai ɗauka baƙin ciki kake masa.

Alhajin Maitama ba ya zuwa. Direba ke zuwa, riƙe da waya ana kiran bidiyo. "Ranka ya daɗe, ga wani nan mai lasifika bakwai." Daga wayar murya ta ce, "Na gidan Alhaji wane nawa ne? To a ba ni wanda ya fi shi." Haka ake ɗaukar mai goma sha ɗaya, mai Dolby Atmos, fasahar da ta fara a gidajen sinima a 2012, wadda ke son lasifika har a rufi don a ji ruwan sama daga bisa. A fasa silin ɗin da aka kashe wa dukiya, a binne wayoyi. Falon kuwa marmara ne a ƙasa, gilashi a gefe, rufi can sama, duk abin da aka faɗa sai ya je ya dawo. A cikin kwalin akwai ɗan makirufo da kamfanin ya sa don a ajiye shi inda ake zama, akwatin ya auna ɗakin ya daidaita kansa. Denon na kiran tsarinsu Audyssey, Yamaha na ce wa nasu YPAO. A gidan Alhaji jikoki ne suka gaje shi, suna wasan 'yan jarida. Me ake saurare da duk wannan runduna? Labaran safe da tafsirin watan azumi. Ran da wani yaro ya danna maɓalli ɗaya cikin tulin da ke jikin rimot, gidan ya yi tsit, sai a shiga neman "yaron nan da ya haɗa", wanda ya tafi biki Zariya. Kafin ya dawo, Alhaji ya jawo tsohuwar rediyonsa mai batir daga ƙarƙashin filo, ya miƙe eriya, kuma ka ga alamar ya fi samun natsuwa.

Wajen azahar sai ga tawagar uwar amarya, a gidan da aka ce har kayan kallo su za su yi wa 'yarsu. Hajiya ce a gaba, sai gwaggo, sai wata aminiya da ba ta da aiki sai kushe. Daga wajen masu labule suke, kuma ƙyallen labulen na cikin jaka. Hajiya ta zaro shi ta kara a jikin lasifika. "Wannan bai shiga da kujerun ba. Babu mai ruwan gwal?" Mai shago ya ce, "Hajiya, bari in kunna ki ji." Ta ɗaga hannu: "Bar shi, ɗan nan, ai gani ya kori ji." Ranar jere a Gwarinpa, mata suka jera lasifikoki biyar ɗin reras a gaban talabijin, biyu dama, biyu hagu, ɗaya a tsakiya da furen roba a kanta. Wufa aka yafa mata ƙyalle mai aiki, aka ɗora hoton kamu. Amfilifayan kuma aka tura shi cikin durowa aka rufe don kada ya ɓata tsari, ga shi abu ne mai son iska, sai zafin watan Maris ya zo ya riƙa kashe kansa ana tsakiyar fim, a ce aljanu. Bayan sati biyu ango ya lallaɓa ya ce biyun nan na baya wurinsu gefen kujera ne, ɗan baya kaɗan, daidai kunne. Amarya ta dube shi: "Waya ta ratsa tsakiyar falona? Wallahi a'a, sai dai ka yi haƙuri." Sai dai a yi wa Hajiya adalci: kafet mai laushi da labule mai kauri da manyan kujerun da ta zuba suna shanye amsa-kuwwa, don haka ɗan falon 'yarta ya fi na Maitama daɗin ji, ba tare da ta nufa ba.

Akwai Malam Bincike, ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya, wanda mai shago ke hango shi ya fara salati. Tambayoyinsa duk a kan hanya suke, shi ne abin haushin. Kafar HDMI nawa gare shi? Akwai mai ARC, don sautin talabijin ya dawo ta waya ɗaya? Lasifikokin ohm 8 ne ko 6, tunda masu ohm 4 kan gasa ƙaramin amfilifaya? Ya sa a sauke biyar, a kunna, a canza, ya rufe ido yana gyaɗa kai. Sannan ya ce zai yi shawara. Tun dala tana wajen naira 460 a hukumance ya fara tara kuɗi, aka saki naira a Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Farashin akwati kuwa kunnensa na wajen 'yan canjin Zone 4. Har yau a waya yake kallon fim, amma in za ka saya, shi za ka nema.

Ɗan tokumbo da hannu yake saye. Ya ɗaga akwatin ya jinjina, in ya ji kafaɗa ta amsa ya ce, "Wannan shi ne na asali." Yana da 'yar gaskiya, don tsofaffin na da ƙatuwar taransifoma a ciki. Mai sayarwa ya ƙara masa da cewa wata tsohuwa ce a Beljiyam ta yi amfani da shi, ranar Lahadi kawai. Sai an je gida a juya baya a ga babu kafar HDMI ko ɗaya, ja da fari ne a jere. Ɗan'uwansa a wannan layi shi ne wanda yayansa ya aiko masa daga Amurka, inda wutar gida volt 120 ce, tamu kuwa 230. Filogin ya ƙi shiga soket, wanda gargaɗi ne ga mai hankali, shi kuwa ya aika a sayo masa adafta. Aka tara maƙwabta, aka yi bismillah, aka danna. Ƙara ɗaya akwatin ya yi a rayuwarsa ta Najeriya.

Na Kubwa kuwa ba don kansa ya saya ba, don na ɗaya gefen bangon ne, wanda ƙungiyarsa ta ƙwallo ta ci ranar Asabar ya hana unguwa barci. Wufa kaɗai yake tambaya, saboda ya gano rugugi ne ke ratsa bulo. Ƙarshen wannan ciniki a gaban mai gidan haya ake yinsa.

A ƙarƙashin matakala, bayan shagunan, akwai mai gyara da teburinsa da gwangwanin sukurori. Ba ya tambayar abin da ya faru. Ya kwance murfi, ya hure ƙurar hunturu, ya kai hanci ya sunsuna. "Oga, wuta aka kawo da ƙarfi. Kana da sitabilaiza?" Babu. Kuɗin duka a akwatin suka tafi, ba a bar na sitabilaiza ba, ba a bar na waya mai kyau ba. Wani ma zai ce ai shi ɗan Band A ne, tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutarsu naira 225 kowane yunit yake biyan kamfanin wuta na AEDC da tsada, ya ɗauka wuta mai tsada ba ta ƙona kaya. Mai gyara ya ce, "Allah ya kyauta. Kayan sai an aiko daga Alaba. Ka bar wani abu, ka leƙo jibi." A bayansa akwai kanta cike da na waɗanda suka ji kuɗin gyara ba su sake leƙowa ba. In sun shekara, sai ya gyara ɗaya, ya goge shi da man gashi har ya yi sheƙi, ya fito da shi bakin hanya. Ko da ɗan tokumbo ya tsaya ya jinjina, labarin tsohuwar Beljiyam na nan a shirye.