Daga 88 zuwa 108, da babban yatsa

A ɗakin gwajin lantarki, injiniya kan saita na'urar fitar da sigina ta tashi daga hertz 20 ta hau har 20,000 cikin daƙiƙa goma, don a gano inda lasifika ke shaƙewa. Mai gyaran rediyo a kasuwar Illela kuwa, babban yatsa ne na'urarsa. Kunne manne da akwati, yana murɗa maɓallin tasha daga 88 zuwa 108: shuuu, Hausar Sakkwato, shuuu, Faransancin Ƙonni. Ko a 2023 da aka garƙame iyaka bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka yi cirko-cirko, ba a ji kwastan ya tare tashar Muryar Sahel ya nemi takardunta ba. Shi kuwa mai gyaran, sai ka biya ladan gyara tukuna zai gaya maka batir ne ya mutu.