Yadda Ake Sallamar Kwarkwata Ba Tare da An Kira Guba Ba

Uwargida, idan kin ga ɗiyarki ta sa hannu biyu cikin kitso tana susa ba ji ba gani, kada ki fara da faɗa, kada kuma ki fara da leƙa ɗakin da maigida ke ajiye maganin feshi. Baƙuwa kika yi, irin wadda ba ta sallama, ba ta kawo tsaraba, kuma tun daren farko take fara haihuwa. Ana iya korar ta, amma abin da ke korar ta shi ne mataji da lissafin kwanaki. Duk wanda ya kawo miki hanyar gamawa da ita a dare ɗaya, ko dai bai san ta ba, ko kuma bai auna ran yarinyar ba.

A fara da sanin halinta. Kwarkwatar kai ba ta da fiffike, ba ta tsalle, rarrafe kawai take da ƙafafu shida masu ƙugiya, don haka galibi sai kai ya taɓa kai take sauya masauki: wajen barci a tabarma ɗaya, wajen leƙa allo ɗaya, wajen raɗa a sahun Islamiyya. Ba ta fitowa daga akuya ko kaji, a bar zargin dabbobin gida. Tana rayuwa kimanin kwana 30 a kan mutum, amma in ta faɗo ƙasa ba ta wuce kwana biyu ba tare da jini ba. Ƙarfinta yana ga ƙwanta. Tana manna shi da wani irin danƙo a gindin gashi, musamman bayan kunne da ƙeya, ya ƙyanƙyashe bayan kwana 7 zuwa 10, 'ya'yan kuma su yi sama da mako guda kafin su isa yin nasu ƙwan. Wanda ya riƙe wannan lissafin ya riga ya ci rabin yaƙin. Batun kunya kuwa a ajiye shi gefe, domin kai mai tsabta da marar tsabta duk ɗaya ne a wurinta. A garuruwa irin su Gandi da Rabah, inda rashin tsaro ya tara iyalai da yawa a ɗaki ɗaya, cunkoso ne ke yaɗa ta, kuma babu uwar da ta cancanci gori a kan haka.

Ga yadda ake yi. A sayo mataji mai ƙananan haƙora a jere ƙut-da-ƙut, a tsefe kitson gaba ɗaya, a wanke kan, a shafa man kaɗe ko man gyaɗa isasshe tun gashin yana da danshi. A fara warware shi da babban mataji, domin gashinmu mai murɗewa ne, ba ya yarda da gaggawa. Sannan a raba shi tsagi-tsagi, a sa ƙaramin matajin tun daga fatar kai a ja har ƙarshe, a goge a farin tsumma bayan kowane ja. Da rana ake wannan aiki, a tsakar gida inda haske yake, a kuma ba mai kan ɗan rake ko aya ta riƙe, don zaman na iya kai rabin awa ko fiye. Sai a maimaita a rana ta 5, ta 9 da ta 13, a duba a ta 17. In an fara Juma'a, sai Talata, sai Asabar, sai Laraba, a yi duban ƙarshe Lahadi. Hikimar ita ce duk ƙwan da ya kuɓuce wa mataji zai ƙyanƙyashe, amma za a kama ɗan kafin ya girma ya yi nasa. Duk mai ita a gidan a yi masa rana ɗaya, har da Yaya da ke rantsuwa ita kanta ƙalau yake.

Gwaggo za ta ce a zamaninsu man shanu ake laftawa a ɗaure kai a kwana, da safe sai gawa. Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, domin mai yana sa kwarkwata ta kasa gudu, ta yi lamo kamar ta mutu. Sai dai wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gwada magungunan gida shida, ciki har da narkakken man shanu, man zaitun da ruwan khal, ba a sami ko ɗaya da ya gama da ita da ƙwanta ba. A Birtaniya kuwa, a 2005, an kwatanta tajewa da jiƙaƙƙen gashi da magungunan kanti na lokacin: tajewa ta warkar da kashi 57 cikin ɗari, magungunan kashi 13. Don haka Gwaggo ta riƙe man shanunta, a yi mata godiya, a kuma tuna mata cewa washegari ita ma taje kan take yi da hannunta. Wannan tajewar ce ta yi aikin.

Mai cewa kitso da tsada, ba za a tsefe shi duk bayan kwana huɗu ba, ita ma tana da hujja. A haƙura da shuku da zane na mako biyu, a yi manyan kalaba huɗu ko shida da kowace uwa ta iya. Yara maza nasu mai sauƙi ne, aski ƙwal, da sabuwar reza ga kowane kai.

Ƙorafi mafi nauyi daga maigida yake zuwa: me ya sa za a yi wahalar kwana 13 alhali ga fiya-fiya ko Sniper da ke kashe ƙwaro nan take? A ƙasar Wurno da Goronyo, inda noman rani na albasa, tafarnuwa da shinkafa a fadamar gulbin Rima ya sa gidaje da yawa suna da kwalbar maganin feshi, wannan tambaya ba wasa ba ce, kuma a nan raha take tsayawa. Sinadarin da ke cikin waɗannan magunguna yana ratsa fata ya shiga jini, fatar da susa ta riga ta yayyaga kuwa ta fi saurin shan sa, jikin yaro kuma ƙarami ne. A 2019 wata mai yi wa ƙasa hidima a jihar Osun ta rasu bayan ta shafa Sniper a gashinta don kashe kwarkwata, a shekarar ce kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna. Kananzir ma haka, yana ƙona fata, ga murhu da fitila a kusa. Kwarkwatar kai ba ta ɗauke da wata cuta, ƙaiƙayi ne iyakarta, kada garin neman gira a rasa ido. In an riga an shafa, aka ga dalalar miyau, zufa, amai ko sarƙewar numfashi, a cire tufafin, a wanke kan da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar.

Rigakafi ba shi da yawa. Kowace yarinya da ɗankwalinta, hijabinta da matajinta. Zanen gado da rigar matashi a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda a ajiye. A duba bayan kunne duk ranar tsifa, a kuma gaya wa maƙwabciya da malamar makaranta ba tare da ɓoye-ɓoye ba, tunda kan da aka bari shi zai dawo da ita. Idan an kai rana ta 17 ana ganin masu rai, ko kan ya yi ƙuraje masu ruwa, ko ƙaluluwa ta fito a wuya, a kai yarinyar asibiti ma'aikacin lafiya ya rubuta maganin da aka yi domin kan mutum, wanda shi ma akan maimaita shi bayan mako guda zuwa kwana 10.