Ni da Dutsen Nok

Citta ce ta kai ni Kwoi. Mun gama awo, an ɗinke buhuna, direban da zai kwasa zuwa Kano ya ce sai gobe. A nan bakina ya ja mini. Abokin cinikina, mutumin Ham, ya nuna duwatsun wajen ƙauyen Nok, ya ce, "Alhaji, za ka iya hawa?" Na ce, "Haba! Ni da na tashi a gindin Dala?" Ban gaya masa Dala matakala gare ta ba, kuma rabona da ita tun ina makarantar allo.

Ya haɗa ni da ɗansa, ɗan shekara 12, da silifa a ƙafa. Ni kuwa shadda ce sabuwa fil, hula zanna, da takalmi sau-ciki mai santsi kamar miyar kuɓewa.

Da fari har ina ba yaron shawara kan yadda ake jan numfashi. Kafin a jima numfashin ya gagare ni. Na koma rarrafe. Wata tsohuwa ɗauke da damin itace ta riske mu, ta dube ni ta ce, "Sannu, ɗana, ciwo ne?" Na ce ina duba ƙasar ne ko za ta yi citta. Ta ce, "A kan dutse?" Ta wuce abinta.

Ina nan durƙushe idona ya faɗa kan wani ɓallin yumɓu mai zane. Gabana ya faɗi. Ai a wannan ƙauyen masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, irin waɗanda Bature Bernard Fagg ya bi diddiginsu daga baya, aka gane sun haura shekara 2,000. Na naɗe shi a hankici, ina lissafin abin da zan faɗa wa 'yan jarida, har na zaɓi rigar da zan sa a hoto. Yaro ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan cikin ladabi ya ce, "Baba, kaskon tuyar masu gona ne. Ga sauransa can." Ga shi kuwa, da baƙin hayaƙinsa.

Saukowa ba ta ɗauki lokaci ba. Takalmi ya zame, na zauna daɓas, dutse ya yi sauran aikin. Na iso ƙasa kafin tsohuwar, hula ta biyo ni daga baya.

Da dare matar abokina ta dafa mini ruwan citta mai zafi, tana sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Yaron bai ce komai ba, Allah ya yi masa albarka. Sai dai da safe a tasha wani ɗan achaɓa ya gaishe ni da "Alhaji mai Dala."

Citta ta isa Kano lafiya. Wandon kuwa tela ya juya shi sau biyu, ya ce ba ya ɗinkuwa.