Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Takobin Fim

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya cikin kubenka, kai da sauran iyali na Hollywood. Na ga sabon aikinka a makon jiya. Ka tsaga rigar ƙarfe kamar mai fasa kabewa, barade goma sha biyu suka zube, ko dakushewa ba ka yi ba. Sannu da aiki.

Dalilin wannan takarda shi ne 'yan uwanka masu doguwar ƙota, mashi da gatari da guduma, sun kawo mini ƙara. Sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A fim aikinsu bai wuce gadin ƙofa ba: dogarai biyu su gicciya su a gaban jarumi, a ce ba shiga, kafin ka ƙifta ido an kashe dogaran. Na duba maganarsu, yallaɓai, kuma ba ka da gaskiya.

Mu koma Turai ta ƙarni na 15. Barde yana sanye da ƙarfe tun daga kwalkwali har yatsun ƙafa, nauyin kayan kilo 20 zuwa 25. Idan aka kai masa sara da kai, zamewa kake yi, sai dai ƙara. Shi ya sa in ya sauka daga doki zai yi faɗa a ƙasa, abin da yake ɗauka wani gatari ne mai ƙota kusan tsawon mutum: guduma a gefe guda, baki mai kaifi ko ƙugiya a ɗaya gefen, tsini a sama, wani tsinin a gindi. Da shi ake lotsa kwalkwali, a ƙwaƙulo ƙafar mutum ya faɗi, a nemi hammata. Faransawa har littafi guda suka rubuta a kan wasa da shi, Le Jeu de la Hache. Kai kuwa kana rataye a ƙugu, sai in ta ɓaci. Kuma in ta ɓacin, duba zanen da ke littafin Hans Talhoffer na 1467: a kama ka ta wajen kaifi, a juya ka, a rafka wa mutum ƙotarka a ka. Ashe ranar wuya kai ma guduma kake komawa. Ban taɓa jin ka faɗi wannan a hira ba.

Ga shaidu, ko da yake duk sun riga mu gidan gaskiya. A 1302, a Courtrai, masaƙa da sauran mutanen garuruwan Flanders sun tare baraden Faransa da masu da wata ƙatuwar gora mai tsinin ƙarfe da ake kira goedendag, wato barka da yini. Gaisuwar ta yi ƙarfi, don ƙaimi na zinariya wajen 500 aka tsince aka rataye a coci. A 1477 Charles na Burgundy, wanda sarakuna ke shakka, ya faɗi a Nancy. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara, an raba masa kai da dogon gatari irin na mutanen Suwizalan. Sai Richard na Uku, sarkin Ingila da aka kashe a Bosworth a 1485. An tono ƙasusuwansa a 2012 ƙarƙashin wurin ajiye motoci a Leicester, da rauni 11, tara a kai. Wasu ana zaton naka ne ko na wuƙa, ban hana ka ba. Amma babban da ya ɗebe ƙeya, masana sun ce ya fi kama da aikin dogon gatari.

Na san uzurinka. Ƙota mai tsawo ba ta shiga hoto, tana iya tsone idon mai kyamara, kuma masu mashi a sahu suke faɗa, kafaɗa da kafaɗa, ba a gane wane ne jarumin da aka biya miliyoyi. Dalilin ke nan ma da yake tuɓe kwalkwali a tsakiyar ruwan kibau, don mu ga sumarsa. A Braveheart na 1995 an bar dogayen sanduna sun tare dawakin Ingila na ɗan lokaci, har na fara murna, sai ga ka ka fito ka kwashe sauran fim ɗin.

Mu dai ba a yi mana wannan wayon. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe ya ga masu a tsaye a hannun mahaya, kai kuma kana lilo a jikin hamila.

Roƙona kaɗan ne. Ka ɗauki hutun fim ɗaya tak. A ba jarumi gatari, a bar masa kwalkwalinsa, kai ka zauna a kube a shafa maka mai.

Naka,
Mai kallo daga benci na uku.

Af, na manta. In kun haɗu da Mel Gibson na Braveheart, ka tambaye shi inda ya kai gadar Stirling. A 1297 a kanta aka yi yaƙin, amma a fim ɗinsa na duba ko'ina, ko kogin ban gani ba.