Ranar da Na Yi wa Kek Gyaran Gashi

Har yanzu akwai bota a ƙarƙashin farcena. Gara in ba da labarin da kaina kafin dangin mijina su riga ni, su ƙara masa gishiri.

Ƙanwar maigidana ce ta turo mini hoto daga Instagram: kek mai hawa uku, furannin kansa sai sheƙi suke yi. Ta ce, "Anti, irin wannan nake so ranar kamuna." Na ce an gama. Ban gaya mata cewa 'yan Koriya ta Kudu ne suka yi suna da wannan salon ba, kuma su ba aisin suga suke zubawa cikin bota ba. Sukari suke dafawa da ruwa har ya kai wajen digiri 118, su tsiyaya shi a kan farin ƙwai ana bugawa, su bari ya huce sarai, sannan su jefa bota mai sanyi. Tun daga cikin kwano sheƙin yake fitowa. Ni kuwa ba ni da ma'aunin zafi, ga wutar unguwarmu sai ranar da ta ga dama. Sai na yi wanda na saba, bota da aisin suga. Furanni suka fito tsaf, amma da suka sha iska sai suka bushe, suka yi furu-furu kamar ƙafar yaro a hunturu.

Akwai dabara, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. A ɗauki dirayar gashi, a tsaya nesa, a ɗan hura iska mai ɗumi, saman botar ya ɗan saki ya yi ƙyalli. Sai dai bota tana narkewa ne tun daga digiri 32 zuwa 35, mu kuma muna Kano a watan Afrilu, inda zafi ke taɓa 40. Botata dama ƙiris take jira.

Gidanmu ba wuta, gidan biki akwai janareta. Haka aka yi na tsinci kaina a tsakiyar falon Hajiya, uwar mijina, mata sun cika kujeru sun malalo kan kafet, ni kuma ina jona diraya a bango da fuskar wadda ta san aikinta. Wadda ta ari dirayar kafin ni ta bar ta a kan zafi na ƙarshe. Na danna.

A daƙiƙar farko abin ya yi. Wallahi ya yi. Babban furen da ke can ƙololuwa, ja, wanda na fi ɓata lokaci a kansa, ya ɗauki haske. Wata ma ta ce, "Masha Allah!" Wannan Masha Allah ɗin ce ta sa na ƙara matsowa.

Sai furen ya sunkuyar da kai. Bai faɗi ba, da ma faɗuwa ya yi a wuce wurin. Zamewa ya fara yi a hankali cikin natsuwa, ya sauko daga hawa na uku, ya tsaya a na biyu ya ɗauki ƙananan furanni biyu, suka ci gaba da tafiya tare, suna barin jan layi a jikin farin kek. A bakin faranti ya ɗan dakata. Kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan janareta da na diraya, domin har lokacin ban kashe ta ba. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci: hannuna yana bin furen da iska, duk inda ya nufa ina biye, ina raka shi. Sannan ya diro, ɗaf, a kan ƙafar Hajiya, wadda aka cire wa lalle da safiyar nan.

Hajiya ta dubi ƙafarta. Ta dube ni. Ta sake duban ƙafarta. Ba ta ce uffan ba, sai Gwaggo ce daga lungu ta ce, "Garin neman gira."

A nan Kawu ya shigo. Tsohon direban babbar mota ne, ya zo tambayar ko an ƙara wa janareta mai. Ya zagaya teburin, hannu a baya, ya leƙa ƙarƙashin farantin.

"'Yar nan, zafi ya yi. In mota ta yi zafi ba a ruɗewa. A samo ruwa a kwara masa."

Na ce, "Kawu, kek ne."

"To a barbaɗa garin kwaki ya shanye man."

Abin haushi, mata biyu suka gyaɗa kai. Wata har ta fara kiran yaro ya je kanti. Kawu ya samu jama'a, sai ya gyara tsayuwa. Ya ce tun farko da man gyaɗa na shafa da gashin kaza, da an ga ƙyalli tun daga bakin titi. Ya ce a juya ɓangaren da ya lalace ya fuskanci bango, haka suke yi wa mota in za a sayar. Aka juya, sai ga bayan ya fi gaban zuba. Ya ce to a mayar. Da aka rasa yadda za a yi, ya lakaci na gefen faranti da yatsa, ya ɗanɗana, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yanke hukunci: "Injin lafiya lau. Bodi ne kawai."

Amarya ta yanka kek ɗinta a haka, mai hoto ya ɗauka daga kafaɗa zuwa sama. Wata jikar Hajiya kuwa ta ɗauki komai a waya, kuma na kalla: a bidiyon ana ganin ƙyallin ƙarara, har a kan ƙafar Hajiya.

Ɗazu Kawu ya aiko yaro. Wai in ba shi aron dirayar, zai ɗumama tuwo.